Ruwan azurfa da hanyoyin haɗa shi da lantarki

Ruwan azurfa ruwa ne da ke ɗauke da azurfa a siffa biyu da bai kamata a gauraya sunansu ba. Akwai ayon, wato ƙwayar zarrar azurfa guda da ta rasa ilektoron ɗaya ta narke kamar gishiri, akwai kuma ɓurɓushin ƙarfen kansa, mai girman nanomita 1 zuwa 100 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), wanda ke yawo a cikin ruwan ba tare da ya narke ba. Hanyar da aka bi da lantarki ita ce ke yanke wanda zai rinjayi ɗan'uwansa.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a tsoma sanduna biyu na tsantsar azurfa cikin ruwan da aka tace ta hanyar tururi, a haɗa su da batir mai ƙaramin ƙarfi. Sandar da ke gefen fozitif tana zagwanyewa a hankali tana sakin ayon, kuma bisa dokar Faraday kowane kulom ɗaya na caji, wato ma'aunin yawan lantarkin da ya ratsa, yana fitar da kimanin miligiram 1.118 na azurfa. A ɗaya sandar kumfar iskar haidurojin ke tashi, wasu ayon kuma su karɓi ilektoron su koma ƙarfe, su bar toka-tokar dauɗa a jikinta. Yawancin abin da ake samu ta wannan hanya ayon ne, shi ya sa ruwan kan fito garau. Matsalar ita ce, yayin da ayon ke ƙaruwa ruwan yana ƙara saurin ɗaukar wuta, wutar kuma ta ƙara cin sandar, har ɓurɓushin ya dunƙule ya yi girma ya kwanta a gindin kwalba. Don haka na'urori masu inganci suke ƙayyade wutar, suna kuma motsa ruwan.

Hanya ta biyu ta Georg Bredig ce, masanin sinadarai ɗan Jamus, wanda a 1898 ya kunna tartsatsin wuta tsakanin wayoyi biyu a ƙarƙashin ruwa. Zafin yana mayar da ƙarfen tururi, ruwa ya daskarar da shi nan take, sai ɓurɓushi ya yi yawa. Irin wannan ruwa yakan yi ɗorawa, saboda ƙananan ƙwayoyin suna shanye hasken da tsawon zangonsa ke kusa da nanomita 400, wato na ɓangaren shuɗi, kuma idan aka haska shi da fitilar leza a ɗaki mai duhu sai a ga layin hasken ya ratsa shi ƙarara. Na'urar auna narkakkun sinadarai ba ta ganin ɓurɓushin ko kaɗan, ayon kawai take ji.

Tsabtar ruwa tana canza komai. Ruwan rijiya ko na burtsatse, irin wanda gidaje da yawa a Sakkwato suke sha, yana ɗauke da gishiri, kuma da zarar ayon ya haɗu da kuloraid ɗin da ke cikin gishirin sai ruwan ya yi fari kamar tsinkakken nono. Haka kuma azurfar maƙeran fari, ta zobe da awarwaro, yawanci gauraye take da wani ƙarfe, wanda shi ma zai narke a ciki. Zafin bazara yana hanzarta aikin, hasken rana kuma yana baƙanta ruwan.

Duk hanyar da aka bi, shan wannan ruwa yana da haɗari na gaske. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke cewa ba a tabbatar da amfaninsa ko amincinsa a matsayin magani ba, kuma azurfar da ta taru a jiki tana rina fata ta koma shuɗi-shuɗi mai toka, rinin da galibi ba ya gogewa.