Haɗa Diflomasiyya da Shirin Soja a Ayyukan Nijeriya na Ƙetare

Haɗa diflomasiyya da shirin soja shi ne daidaita abin da jakadun ƙasa suke faɗa a teburin shawara da abin da hafsoshinta suke shiryawa, duk sa'ad da ƙasar za ta aika dakaru ko agaji zuwa wata ƙasa. A Nijeriya nauyin ya rataya a wuyan Ma'aikatar Harkokin Waje da Ma'aikatar Tsaro da Hedikwatar Tsaro da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Aikinsu shi ne su tsayar da magana ɗaya kafin soja na farko ya hau jirgi: me za a je yi, wa ya ba da izini, wa zai biya, kuma yaushe za a dawo. Tarihin ƙasar tun 1960 ya nuna cewa inda aka amsa waɗannan tambayoyi da wuri aikin kan gajarta, inda kuwa aka tura soja tukuna sannan aka koma neman amsa, akan biya da rayuka da dukiya mai yawa.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 5 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa ayyana yaƙi sai da amincewar majalisun tarayya biyu a zaman haɗin gwiwa. Ya kuma hana tura soja fagen daga a wajen Nijeriya ba tare da yardar Majalisar Dattawa ba. Akwai sassauci guda: in shugaban ƙasa ya gamsu cewa tsaron ƙasa na fuskantar barazana ta kusa, yana iya tura dakaru wani taƙaitaccen aiki bayan ya shawarci Majalisar Tsaro ta Ƙasa, amma dole ya nemi yardar dattawan cikin kwana 7 da fara faɗa, su kuma su amince ko su ƙi cikin kwana 14. Sashe na 19 ya lissafa manufofin hulɗar waje, ciki har da haɗin kan Afirka da warware rikici ta hanyar sulhu. Manyan ayyukan Laberiya da Saliyo an fara su ne zamanin mulkin soja, lokacin da babu majalisar da za ta tsare gwamnati da tambaya.

Matsayin Zariya

Zariya na da hannu a wannan sha'ani ta fuskoki biyu, bariki da makaranta. Defon sojan Nijeriya, wanda aka kafa a 1924, ya daɗe yana zama ƙofar da kurata suke bi su zama soja, don haka yawancin ƙananan sojojin da suka tsaya gadi a Monrobiya ko Darfur a nan suka koyi fareti. Sunan barikin ma, Chindit, ya samo asali ne daga yaƙin Bama, inda bataliyoyin Nijeriya suka yi faɗa a 1944 ƙarƙashin tutar Ingila, a yaƙin da ba su da ta cewa a kan manufarsa. Makarantar soja ta yara an buɗe ta a 1954, kuma ɗaya daga cikin ɗalibanta, Joseph Garba, ya zama kwamishinan harkokin waje daga 1975 zuwa 1978 yana sanye da kaki.

A Jaji, kan hanyar Kaduna, akwai kwalejin horar da manyan hafsoshi tun 1976, da cibiyar da take shirya dakarun kiyaye zaman lafiya kafin su tashi, wadda aka raɗa wa sunan Janar Martin Luther Agwai. A can ne ake koya wa sojan da ya saba da kai hari yadda zai tsaya tsakanin masu faɗa biyu, da lokacin da doka ta ba shi damar harbi.

Ta fuskar makaranta kuwa, Kwalejin Barewa ta yaye Yakubu Gowon, wanda shi da Gnassingbe Eyadema na Togo suka jagoranci kafa ECOWAS a 1975, da Murtala Muhammed, wanda gwamnatinsa ta amince da gwamnatin ƙungiyar MPLA a Angola cikin wannan shekara. Farfesa Ibrahim Gambari ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984. Da sunansa ake danganta ra'ayin nan na cewa Nijeriya ta fara duba tsaronta da na maƙwabta, sannan Afirka ta Yamma, sannan nahiyar, sannan sauran duniya.

Daga Kwango zuwa Laberiya

Aikin farko shi ne na Kwango daga 1960 zuwa 1964, ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A can ɓangarorin biyu sun tafi tare: Jaja Wachuku ya shugabanci kwamitin sasanta 'yan Kwango, Janar Aguiyi-Ironsi kuma ya riƙe rundunar baki ɗaya a 1964.

Cadi ta koyar da wani darasi dabam. Bayan yarjejeniyar Kano ta Maris 1979 sojojin Nijeriya sun shiga Njamena, suka fito cikin 'yan watanni. A 1981 suka koma cikin rundunar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, tare da Senegal da Zayar. Shugaba Goukouni Oueddei ya ɗauka an zo ne a tare masa madugun 'yan tawaye Hissene Habre, ƙungiyar kuma tana ganin dakarunta 'yan ba-ruwanmu ne. Ba a warware wannan saɓani ba har Habre ya kama birnin a Yunin 1982.

Laberiya ce babban misalin da masana suke komawa gare shi. A Agustan 1990 kwamitin sulhu na ECOWAS ya zauna a Banjul ya kafa rundunar ECOMOG don sa ido kan tsagaita wuta, alhali babu wata tsagaita wuta a ƙasa. Madugun 'yan tawaye Charles Taylor, wanda ke riƙe da mafi yawan ƙasar, bai yarda da rundunar ba, kuma da harbi aka tarbe ta a tashar jiragen ruwan Monrobiya. Ƙasashen ƙungiyar ma kansu ba a haɗe yake ba, domin Burkina Faso da Kodebuwa suna tare da Taylor. Ranar 9 ga Satumba mayaƙan Prince Johnson, jagoran wani ɓangaren 'yan tawaye, suka kama Shugaba Samuel Doe a hedikwatar ECOMOG kanta. Daga nan Nijeriya ta karɓi ragamar faɗa daga hannun Janar Arnold Quainoo na Gana ta damƙa wa Manjo Janar Joshua Dogonyaro, aikin ya koma yaƙi sosai. Sojojin sun ceci Monrobiya, wannan ba abin musu ba ne, amma yarjejeniyoyin Bamako da Yamusukuro da Kwatano da Akosombo duk sun wargaje. Sai da aka kai ga yarjejeniyoyin Abuja na 1995 da 1996, bayan gwamnatin Nijeriya ta yarda ta zauna da Taylor, sannan aka yi zaɓe a Yulin 1997. Nijeriya ce ta ɗauki mafi yawan dakaru da kuɗi a Laberiya da Saliyo, biliyoyin daloli da ɗaruruwan rayuka, kuma iyalan da ke barikokin Zariya da Kaduna sun fi kowa sanin nauyin wannan lissafi.

Gambiya a 2017 ta nuna yadda abin ke tafiya in an tsara shi. Da Shugaba Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan ya faɗi zaɓe, Shugaba Muhammadu Buhari ya je Banjul sulhu har sau biyu, jiragen yaƙin Nijeriya na jira a Dakar, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya goyi bayan Adama Barrow, wanda ya ci zaɓen, ranar 19 ga Janairu. Ranar 21 Yahya Jammeh ya bar ƙasar ba tare da an gwabza ba.

Agaji da kuɗi

Agajin Nijeriya ba na bindiga kaɗai ba ne. A 1976 ta buɗe asusu a Bankin Raya Afirka don ba ƙasashe matalauta rance mai sauƙi. A 1987, zamanin minista Bolaji Akinyemi, aka kafa shirin TAC, wanda ke tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi aikin shekara 2 a ƙasashe irin su Gambiya da Yuganda da Jamaika, Nijeriya na biyan alawus ɗinsu. Shirin ya fi aikin soja arha nesa ba kusa ba, kuma shi ya kamata ya riƙa bin sawun dakaru a ƙasar da yaƙi ya ƙare, sai dai ba kasafai ake tsara su tare ba.

Batun kuɗi shi ne inda shiri ya fi yawan karyewa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Majalisar Ɗinkin Duniya tana mayar wa ƙasa kuɗin kowane soja, dala 1,428 a wata daga 2018 zuwa 2022, tana kuma biyan hayar kayan aiki in sun cika sharuɗɗa. Ayyukan ECOWAS da na Tarayyar Afirka ba su da irin wannan tabbaci. Rundunar Tarayyar Afirka a Darfur ta yi fama da ƙarancin motoci da jirage, kuma a harin Haskanita na Satumban 2007 yawancin waɗanda aka kashe 'yan Nijeriya ne. A 2008 sojojin da suka dawo daga Laberiya sun yi zanga-zanga a Akure kan alawus ɗinsu, aka gurfanar da su gaban kotun soja. A 2013 kuma Nijeriya ta janye yawancin dakarunta daga Mali, 'yan watanni da tura su, saboda yaƙin Boko Haram a gida.

Rikicin Nijar na 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ECOWAS ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu ta ba sojojin Yamai wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, hafsoshin tsaro suka zauna a Abuja da Akara suna shirin kai farmaki. Barazanar ta riga shawara a cikin gida. Jihohi 7 ne ke da iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma ga Bahaushen Katsina ko Zazzau, mutumin Maraɗi da Damagaram ɗan'uwa ne, suruki ne, abokin ciniki ne. Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu. Waɗanda suka buɗe ƙofar magana su ne Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda shi ma tsohon soja ne kuma ɗalibin Barewa, da Muhammadu Sanusi II, da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau. Ba a kai farmakin ba. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijeriya ta buɗe iyaka a Maris, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025.