Jules Verne

Jules Gabriel Verne (8 ga Fabrairu 1828 – 24 ga Maris 1905) marubuci ne ɗan ƙasar Faransa wanda ya shahara da labaran tafiye-tafiye da ƙagaggun labaran kimiyya. Littattafansa 54 ne suka fito yana raye, kuma an tattara su a ƙarƙashin suna ɗaya, "Voyages extraordinaires", wato tafiye-tafiyen ban mamaki. Akan haɗa shi da H. G. Wells na Ingila a kira su iyayen ƙagaggen labarin kimiyya. A zamaninsa kuwa an fi saninsa da mai koyar da labarin ƙasa cikin nishaɗi, domin yawancin littattafan nasa a mujallar yara da iyali suka fara fitowa.

Tasowarsa

An haife shi a Nantes, birnin da ke bakin kogin Loire, a unguwar Feydeau wadda a lokacin tsibiri ce a tsakiyar kogin. Mahaifinsa Pierre Verne lauya ne, mahaifiyarsa Sophie Allotte de la Fuÿe kuma ta fito daga gidan masu harkar jiragen ruwa. Shi ne ɗan fari, sai ƙanensa Paul da ƙanne mata uku. Yaron ya tashi yana kallon jirage suna sauke kaya suna lodi a tashar garin, kuma son teku bai sake shi ba har tsufa.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa wajen 1839, yana ɗan shekara 11, ya sulale ya shiga wani jirgi mai suna Coralie a matsayin yaron jirgi, mahaifinsa ya bi sawu ya kamo shi a Paimbœuf. Wata 'yar danginsa ce ta yaɗa labarin a tarihinsa da ta wallafa a 1928, kuma masu bincike na baya ba su yarda da ingancinsa ba.

A 1848 ya koma Paris karatun lauya bisa umarnin mahaifinsa, ya kammala a 1851. Zuciyarsa dai tana wajen wasan kwaikwayo. Ya saba da gidan marubuci Alexandre Dumas, har aka nuna wani ɗan gajeren wasansa a 1850. Ya yi aikin sakatare a gidan wasa na Théâtre Lyrique, yana kuma rubuta gajerun labarai a mujallar Musée des familles. Da mahaifinsa ya nemi ya dawo gida ya gaji ofishin lauya, sai ya ƙi. A Janairun 1857 ya auri Honorine de Viane, wadda mijinta na farko ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, ya shiga dillancin hannun jari don ya riƙe gida. Ɗansu guda, Michel, an haife shi a 1861.

Haɗuwarsa da Hetzel

Tarihin Verne ba ya cika sai da Pierre-Jules Hetzel, mai kamfanin ɗab'i da suka haɗu da shi a 1862. Hetzel ɗan jamhuriya ne da ya sha gudun hijira a Beljiyam bayan juyin mulkin 1851, kuma yana da burin samar wa yaran Faransa abin karatu mai ɗauke da ilimin zamani, wanda iyaye ma za su karanta ba tare da gundura ba. Ya buga littafin Verne na farko, "Cinq semaines en ballon", wato makonni biyar a cikin balan-balan, a ƙarshen Janairun 1863. A Maris 1864 shi da malami Jean Macé suka ƙaddamar da mujallar Magasin d'éducation et de récréation, mai fitowa sau biyu a wata, Verne ya zama ginshiƙinta. Yarjejeniyarsu ta ɗora masa kawo kundi uku a shekara, daga baya aka rage zuwa biyu, ya riƙe wannan nauyi kusan shekara arba'in.

A gabatarwar da ya yi wa jerin a 1866, Hetzel ya bayyana manufar: a taƙaita abin da ilimin zamani ya tara game da ƙasa, duwatsu, kimiyyar lissafi da taurari, a ba da shi cikin siga mai jan hankali. Daga nan ne dogayen jerin sunayen kifaye, tsirrai da matafiyan da suka gabata suka samo asali, waɗanda mai karatu na yau yakan tsallake. Ga Hetzel da iyayen da ke biyan kuɗin mujallar, waɗannan shafuka su ne hajar. Verne kan tashi da asuba ya yi rubutu, ya shafe sauran yini yana karanta jaridu da mujallun kimiyya yana kwafe bayanai a ƙananan katuna, har ya tara dubbai.

Hetzel yana sa hannu sosai a cikin rubutun. Ya mayar wa Verne da wani littafi da ya rubuta wajen 1863, "Paris au XXe siècle", wanda ke siffanta Paris ta 1960 a matsayin birnin kuɗi da injuna inda mawaƙi ke mutuwa da yunwa. Ya ce babu wanda zai yarda da shi. Rubutun ya kwanta a cikin akwatin ƙarfe har 1989, lokacin da tattaɓa-kunnen Verne ya gano shi, aka buga a 1994. Haka kuma Kyaftin Nemo, jarumin labarinsa na jirgin ƙarƙashin teku: Verne ya so ya mai da shi basarake ɗan Poland mai ɗaukar fansa a kan Rasha saboda murƙushe boren 1863, Hetzel ya ƙi don gudun ɓata wa Rasha rai da rasa kasuwarta. Sai aka bar asalin Nemo a rufe, sai a wani littafi na gaba aka bayyana shi a matsayin Yarima Dakkar na Indiya, wanda Turawan Ingila suka hallaka iyalinsa bayan boren 1857. Wasiƙun da suka yi musaya sun nuna gardama mai zafi da kuma girmamawa irin ta ɗa da uba.

Makonni biyar a sararin Afirka

Littafin farko ya shafi Afirka, har da yankin Tafkin Chadi da kogin Kwara, kai tsaye. Labarin Dakta Samuel Fergusson ne da abokinsa Dick Kennedy da baransa Joe, waɗanda suka tashi daga Zanzibar a Afrilun 1862 cikin wata ƙatuwar balan-balan mai suna Victoria, da niyyar ƙetare nahiyar daga gabas zuwa yamma. Dabarar da Verne ya ƙirƙiro ita ce na'urar ɗumama iskar gas ɗin ciki, yadda za a hau ko a sauko ba tare da an zubar da gas ba, a nemi iskar da ke kaɗawa inda ake so.

Bayan sun wuce mafarin kogin Nilu, matafiyan sun bi ta kan Tafkin Chadi, suka hango Kukawa, babban birnin Borno na lokacin. A can wasu manyan tsuntsaye suka yaga balan-balan ɗin, Joe ya faɗa tafkin don ya rage nauyi, daga baya aka tsamo shi yana gudu a kan doki mahaya na bin sa. Daga nan iska ta kai su ta Zinder, Agadas, kogin Kwara da Tumbutu, suka ƙare a bakin kogin Senegal.

Verne bai taɓa taka waɗannan wurare ba. Abin da ya rubuta ya tsamo shi ne daga littattafan matafiya, musamman Heinrich Barth, Bajamushen da ya zagaya Agadas, Kano, Kukawa, Sakkwato da Tumbutu tsakanin 1850 da 1855, da kuma Turawan Ingila Burton da Speke a gabashin Afirka. Sunayen garuruwa da tazarar da ke tsakaninsu sun zo kusa da daidai. Mutanen ƙasar ne littafin ya zalunta: daga sama ake kallonsu, kusan ko'ina a matsayin taron masu camfi ko mayaƙa marasa imani, alhali Barth da aka ɗebo daga wurinsa ya yi dogon bayani a kan kasuwar Kano, masaƙa, marina da malaman da ya zauna da su. Wannan kallo ya shiga kan yaran Turai masu yawa shekaru kaɗan kafin rabon Afirka.

Manyan littattafai

"Voyage au centre de la Terre" (1864) labarin Farfesa Lidenbrock ne da ɗan ɗan'uwansa Axel, waɗanda suka shiga cikin ƙasa ta bakin wani dutse mai aman wuta a Iceland suka fito ta Stromboli a Italiya.

"De la Terre à la Lune" (1865) ya ba da labarin ƙungiyar maharba igwa ta Baltimore, waɗanda bayan yaƙin basasar Amurka suka haƙa wata ƙatuwar igwa a Florida don harba mutum uku zuwa wata. A ci gaban labarin (1870) sun zagaya watan suka faɗo tekun Pasifik. An sha nuna kamannin wannan da tafiyar kumbon Apollo na Amurka zuwa wata, ta fuskar wurin tashi, yawan matafiya da wurin sauka. Harbi da igwa dai zai kashe duk wanda ke ciki nan take.

"Vingt mille lieues sous les mers", wato lig dubu ashirin a ƙarƙashin teku (lig tsohon ma'aunin nisa ne), ya fito a mujallar Hetzel daga Maris 1869 zuwa Yuni 1870. Adadin da ke cikin sunan nisan tafiya ne, kimanin kilomita 80,000, ba zurfi ba. Jirgin Nemo mai tafiya ƙarƙashin teku da lantarki, Nautilus, ya ari sunan wanda Robert Fulton ya gwada a 1800, kuma sojan ruwan Faransa sun riga sun ƙera nasu, Plongeur, a 1863. Wannan ita ce hanyar Verne a mafi yawan ayyukansa: ya ɗauki abin da injiniyoyi ke gwadawa, ya ƙara masa girma da ƙarfi, ya lissafa awonsa dalla-dalla.

"Le Tour du monde en quatre-vingts jours" ya fito a jaridar Le Temps a 1872. Phileas Fogg ya sa fam 20,000 a caca cewa zai zagaya duniya cikin kwana 80, abin da buɗe mashigin Suez da layin dogon da ya ratsa Amurka a 1869 suka sa ya yiwu. Ya zaci ya makara, ashe tafiya gabas ta ƙara masa yini guda. Wasan kwaikwayon da aka yi da labarin a 1874 ya kawo masa kuɗi masu yawa. A 1889 'yar jaridar Amurka Nellie Bly ta biya ta gidansa a kan hanyarta, ta kammala nata zagayen cikin kwana 72.

Daga cikin waɗanda yara ne jarumansu akwai "Un capitaine de quinze ans" (1878), mai sukar cinikin bayi, da "Deux ans de vacances" (1888).

Amiens da ƙarshen rayuwa

Ya zauna a Amiens, garin matarsa, tun daga farkon shekarun 1870. Ya mallaki jiragen ruwa uku ɗaya bayan ɗaya, duka da suna Saint-Michel, ya kuma je Amurka sau ɗaya a 1867 cikin jirgin Great Eastern. A 1873 ya hau balan-balan a Amiens, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba.

Ranar 9 ga Maris 1886 ɗan ƙanensa Gaston, mai fama da taɓin hankali, ya harbe shi a ƙafa a ƙofar gida, ya bar shi da ɗingishi har ƙarshen ransa. Kwana takwas bayan haka Hetzel ya rasu. Littattafan da suka biyo baya sun fi duhu, ana yawan ganin masana da ilimi ya zame musu makamin ɓarna. An zaɓe shi kansila a Amiens a 1888, ya yi shekara goma sha biyar da ɗoriya yana kula da harkokin wasanni da raya gari. Ciwon sukari ne ajalinsa, aka binne shi a maƙabartar La Madeleine. Bai samu kujera a Académie française, majalisar manyan marubuta da masanan harshen Faransanci, ba, abin da ya dame shi ƙwarai.

Taƙaddama

Littattafai takwas da suka fito bayan rasuwarsa ɗansa Michel ya sake musu fasali, wani ma kusan shi ya rubuta, kamar labarin tawagar Barsac (1919) da ke gudana a yankin kogin Kwara. An tabbatar da haka a ƙarshen shekarun 1970, aka buga rubutun asali daga baya. An soki yadda ya siffanta wani Bayahude a "Hector Servadac" (1877) tun a lokacin. A rikicin Dreyfus, hafsan sojan Faransa Bayahude da aka ɗaure bisa zargin ƙarya na cin amanar ƙasa, Verne yana ɓangaren masu adawa da Dreyfus.

Fassara da tasiri

Ƙididdigar fassara ta UNESCO ta sa shi na biyu a duniya, bayan Agatha Christie. Fassarorin Turanci na farko sun yi masa illa. Ta 1871 ta canja sunan Lidenbrock zuwa Hardwigg ta ƙara abubuwan da bai rubuta ba, ta Lewis Mercier kuma ta yanke kusan kashi ɗaya cikin biyar na labarin Nemo, ta rikita alƙaluma, ta share maganganun siyasa. Wannan ya sa aka daɗe ana ɗaukarsa a Ingila da Amurka a matsayin marubucin yara mai sakaci da lissafi. Cikakkun fassarori sun fara fitowa daga shekarun 1960.

Verne bai yarda a jera shi da Wells ba. A wata hira ta 1903 ya nuna cewa shi da dokokin kimiyya yake aiki, Wells kuwa ƙirƙirar ƙarfen da babu shi ya yi don ya kai mutane wata. Duk da haka, da Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926, ya sa labaran su biyun a fitowar farko, ya kuma sa zanen kabarin Verne a shafin farko.

Jirgin ƙarƙashin teku na farko mai aiki da nukiliya, wanda Amurka ta ƙaddamar a 1954, sunansa Nautilus. Kumbon dakon kaya na farko da Turai ta aika tashar sararin samaniya a 2008 an sa masa sunan Verne. Gidansa na Amiens ya zama gidan tarihi, akwai kuma wani a Nantes da aka buɗe a 1978.