Daga Tsibirin Killacewa Zuwa Duba Firiji: Waiwaye Kan Kwamitin Lafiya Na Gari

Duk wanda ya taɓa leƙa zaman kwamitin lafiya na wani ƙaramin gari, ko ya karanta takardar abin da aka tattauna, da wuya ya kai shafi na biyu bai yi hamma ba. Wani na neman izinin haƙa ramin shadda a bayan sabon gidansa, an ce ya kawo sakamakon gwajin ƙasa. An samu firijin wani gidan abinci ba ya sanyi, an ba mai shi mako biyu ya gyara. Maƙwabta sun kawo ƙarar mai kiwon kaji saboda wari da ƙuda. Ɗan haya ya ce rufi na yoyo, mai gida ya yi kunnen uwar shegu. Ma'aikaciyar jinya ta karanto yawan waɗanda aka yi wa allurar rigakafi, sai a tashi. Alhali kusan kowane layi a wannan takarda, sai da aka binne mutane da yawa kafin ya samu shiga cikinta.

Tsoro ne ya fara tara irin wannan kwamiti. A 1348, lokacin da baƙar annoba, cutar da ta kashe ɗimbin mutane a Turai, ta shiga Italiya ta tashoshin jiragen ruwa, birnin Benis ya naɗa dattawa uku su duba yadda za a yi da gawarwaki, da marasa lafiya, da jiragen da ke shigowa. A 1377 birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik, ya kafa doka cewa duk wanda ya fito daga inda ake annoba sai ya zauna a keɓe kwana 30 kafin ya shiga gari. Daga baya wasu biranen suka mayar da shi kwana 40, kuma daga kalmar arba'in ta Italiyanci Turawa suka samo sunan da suke kiran killacewa da shi har gobe. A 1423 Benis ta ware tsibiri guda don masu annoba. Sai dai kwamitocin farko kamar rumfar biki suke, ana kafa su idan ta ɓaci, a rushe idan ta lafa. Sai a ƙarshen ƙarni na 15 Benis ta mayar da nata ofishi na dindindin, wanda ke aiki ko da annoba ko babu. A ganina nan ne aikin ya soma zama aiki, domin ma'aikacin da ba shi da annobar da zai yaƙa dole ya juya kan kasuwar kifi, da rijiyoyi, da maƙabarta.

A Amurka ma haka ta faru. Ciwon shawara ya kashe kimanin mutum 5,000 a Filadelfiya a 1793, kuma a shekarun nan ne biranen bakin teku suka yi ta kafa hukumomin lafiya. Boston ta kafa tata a 1799, shugabanta na farko kuwa Paul Revere ne, maƙerin azurfa da aka fi sani da rawar da ya taka a yaƙin neman 'yanci. Ba likita ba ne, kuma wannan al'ada ta sa mutanen gari na gama-gari a kujerar kwamiti ba ta mutu ba.

Amma idan ana neman inda aka zana aikin yau da kullum kamar yadda muka san shi, Ingila za a nufa. Masana'antu sun jawo jama'a birane, an cusa iyalai a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, gidaje da yawa suna raba masai ɗaya, sannan kwalara ta sauka a 1831. Aka kafa kwamitoci na wucin gadi, cutar na wucewa aka watse. Wanda ya ƙi barin maganar ta kwanta shi ne Edwin Chadwick, lauya mai taurin kai da kusan babu wanda ya yi aiki da shi ya so shi. A rahotonsa na 1842 ya jera alƙaluman da suka girgiza masu mulki: a cikin iyalan leburori, matsakaicin shekarun mutuwa a Manchesta 17 ne, a Libaful 15, a karkarar Rutland kuwa 38. Mutuwar ƙananan yara ce ta ja alƙaluman ƙasa haka. Hujjar Chadwick kuma ba ta tausayi ba ce, ta aljihu ce. Idan magidanci ya mutu da zazzaɓi, matarsa da marayunsa kan kuɗin haraji za su koma, don haka gina magudanar ruwa ya fi arha.

Libaful ba ta jira gwamnatin tsakiya ba. A 1847 ta naɗa Dokta William Henry Duncan jami'in lafiya na gari, na farko a ƙasar, tare da injiniya James Newlands, ga kuma Thomas Fresh mai bin lunguna yana neman ƙazanta, wato duba-gari. Likita ya ƙirga cuta da mutuwa, injiniya ya gina, duba-gari ya ƙwanƙwasa ƙofa. Duk wani ofishin lafiya na gari da ake da shi yau, idan aka tona shi, waɗannan ukun za a tarar, ko da kuwa mutum ɗaya ne ke ɗauke da hulunan duka.

Dokar lafiyar jama'a ta 1848 ta ba garuruwa damar kafa nasu kwamiti idan kashi ɗaya cikin goma na masu biyan haraji suka nema, ko kuma a ɗora musu idan mace-macensu ya haura 23 cikin kowane mutum 1,000 a shekara. Kwamitin na da ikon kula da ruwan sha, magudanai, shara, mayanka da gidajen kwana na haya. Masu gidajen haya da masu biyan haraji suka yi ca. A 1854 aka kori Chadwick daga kujerarsa a hukumar lafiya ta ƙasa, jaridar Times ma ta rubuta cewa gara su yi kasada da kwalara da a tilasta musu lafiya da ƙarfin tsiya. Wannan ƙorafi bai tsufa ba. Duk wanda aka hana buɗe shago sai ya sa wurin wanke hannu, da wata siga shi yake maimaitawa.

A wannan shekarar ta 1854 ne kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, ta kashe fiye da mutum 500 cikin kwana goma. Dokta John Snow ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan ke ɗibar ruwa, amsa ta yi ta komawa kan famfon titin Broad. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Snow ba shi da ikon taɓa famfon. Sai da ya je gaban kwamitin unguwar ranar 7 ga Satumba ya yi musu bayani. Ba su gamsu sosai ba, domin a lokacin an yarda cewa mugun wari ne ke kawo cuta, amma suka amince, washegari aka cire hannun famfon. Cutar ta riga ta fara ja da baya, kuma daga baya an mayar da hannun. Duk da haka tsarin ya fito fili: masani ya kawo hujja, 'yan kwamiti su yanke hukunci kafin kowa ya tabbata.

Abin mamaki, imanin da aka yi da wari kuskure ne, amma aikin da ya haifar ya yi amfani. Sun kwashe najasa don gudun ɗoyi, sai ga shi sun raba ta da ruwan sha. Dokokin 1872 da 1875 suka wajabta wa kowane yanki a Ingila ya samu jami'in lafiya da duba-gari. A Amurka, Lemuel Shattuck, mai sayar da littattafai, ya rubuta rahoto a 1850 yana neman kowane gari a jihar Masachusets ya samu kwamitin lafiya da rajistar haihuwa da mutuwa. Rahoton ya sha ƙura har 1869 kafin jihar ta kafa hukumarta.

Da Robert Koch, likita Bajamushe, ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya bi da ta kwalara, sai aikin ya tashi daga hanci ya koma ɗakin gwaji. Birnin Hambag na Jamus ya koyi darasin da tsada a 1892: yana shan ruwan kogin Elbe ba tacewa, kwalara ta kashe kimanin mutum 8,600, alhali Altona da ke manne da shi, mai tace ruwan kogin da yashi, ta tsira da asara kaɗan. A Amurka, a 1908 birnin Jersey City ya fara zuba kulorin a ruwan famfo, Chikago kuma ta kafa dokar dafa madarar sayarwa. Daga nan ne kwalbar ɗibar ruwa da ma'aunin zafi suka shiga jakar duba-gari. Charles Chapin, wanda ya riƙe lafiyar birnin Providence na Amurka daga 1884 zuwa 1932, ya yi ta nanata cewa a daina ɓata kuɗi wajen turara ɗakin da majinyaci ya bari, a koma bin wanda ya kamu da waɗanda suka yi cuɗanya da shi. Bin sawun masu cuta da aka yi ta ji a lokacin korona, tsohon aiki ne.

Sai batun iko. A 1902 agana ta addabi yankin Boston, kwamitin lafiya na birnin Kambirij ya ba da umarnin a yi wa kowa rigakafi. Wani fasto ɗan asalin Suwidin, Henning Jacobson, ya ƙi, aka ci shi tarar dala 5. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a 1905 ta yanke da rinjayen alƙalai bakwai kan biyu cewa jiha na da hurumin ba kwamitin gari irin wannan iko don kare jama'a, muddin ba a wuce gona da iri ba. Har yau lauyoyi na jawo wannan shari'a.

Daga nan hanyoyi suka rabu. Ingila ta narkar da kwamitocinta cikin ƙananan hukumomi a 1894, ta kwashe jami'an lafiyar zuwa hukumar asibitoci ta ƙasa a 1974, sannan ta mayar da aikin ga ƙananan hukumomin a 2013. Masachusets kuwa ta riƙe tsohon salo. Tana da birane da garuruwa 351, kuma nauyin lafiyar jama'a na kan kowannensu. A ƙananan garuruwa sau da yawa mutum uku ne a kwamiti, zaɓaɓɓu ko naɗaɗɗu, suna zama da yamma bayan sun tashi daga nasu aikin. Amfanin hakan shi ne mai yanke hukunci ya san layin da ake magana a kai. Illarsa kuma ita ce wanda za a rufe wa shago wataƙila abokin ɗan kwamiti ne, ga shi gari mai kuɗi na ɗaukar ƙwararru, maƙwabcinsa na lallaɓawa da ma'aikaci ɗaya na rabin lokaci. Korona ta tona wannan rami a 2020, lokacin da mutanen da suka saba da lasisin gidan abinci suka wayi gari su ne masu ƙirga majinyata, kuma su ne masu shan zagi.

Wani lokaci ƙaramin kwamiti kan riga gwamnati. A 2005 garin Needham na Masachusets ya hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 21 ba, shi ne na farko a Amurka. Sai a Disamban 2019 dokar ta zama ta ƙasa baki ɗaya.

Amma yawancin kwanaki ba haka suke ba. Yawanci jami'i ne tsaye a fili da agogo a hannu, an haƙa rami an zuba ruwa, yana lissafin mintocin da ƙasa ke ɗauka kafin ta shanye, don a san ko za ta iya tace ruwan shadda. Sannan ya ja awo tsakanin inda ruwan zai tsiyaya da rijiyar gidan, wanda dokar Masachusets ta ce kada ya gaza ƙafa 100. Labarin famfon titin Broad ya nuna amfanin wannan awo. Bayan annobar Soho, wani limamin cocin unguwar mai suna Henry Whitehead, wanda da farko bai yarda da Snow ba, ya gano cewa wata jaririya a gida mai lamba 40 a titin Broad ta kamu da gudawa kafin kowa, mahaifiyarta kuma ta zuba ruwan wankin tsummanta a ramin shaddar gidan. Da aka tona, sai aka tarar bulon ramin ya ruɓe yana yoyo, kuma tsakaninsa da rijiyar famfon bai kai ƙafa uku ba.