Manne wa motar gaba cikin hazo ba dabara ba ce

Direbobi da yawa a tashoshin Bauchi da Gombe sun yarda cewa idan hazon hunturu ya rufe hanya, gara ka manne wa motar da ke gabanka, jar fitilarta ta baya ta yi maka jagora. Wannan kuskure ne mai cin rai.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ga fitilar birki har ƙafarka ta taka naka, tazarar ta ƙare. Shi kuma na gaban, ai bai fi ka gani ba! Idan ya yi karo da tirelar da ta lalace wajen Alkaleri, kai ma ka afka masa, na bayanka ya afka maka.

Haka motoci fiye da 130 suka yi ta afka wa juna a Fort Worth ta Amurka a Fabrairun 2021, mutum 6 suka rasu. Can ƙanƙara ce ta hana taya kama kwalta, mu nan ƙura ce ke toshe gani.

Direba, don Allah ka rage gudu, ka buɗe tazara. Babbar fitila ma ka kashe ta ka bar ƙarama, domin ƙurar tana maido maka da hasken cikin ido.