Tsayuwar minti biyu: a kashe mota ko a bar ta a silo?

Da gaske ne tayar da mota ya fi cin mai a kan barin ta a kunne?

A'a, ga motocin yanzu ba haka ba ne. Maganar ta samo asali tun zamanin kafireta, lokacin da sai an danna totur sau biyu ko uku, mai ya kwarara, sannan inji ya kama. Mota mai injekta kwamfuta ce ke auna mata man da za ta sha, kuma idan injin da ɗuminsa, abin da take ci wajen tashi bai wuce na silon kusan daƙiƙa 10 ba.

To nawa silon ke ci?

Ƙaramar mota mai injin lita 1.8, irin Corolla, tana ƙona wajen lita ɗaya a awa tana tsaye, in an kunna AC ya haura. Tirela kan sha kimanin lita 3 na gas a awa. Ɗauki direban da ke jiran yara a ƙofar makaranta, ya tsaya bakin kasuwa, ya bi layin gidan mai. Idan jimillar rabin awa ce kullum, ya ƙona lita 15 a wata bai matsa ko taku ɗaya ba. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023, wannan kuɗin cefane ne na gaske.

Ba za a kashe kik da batir ba in ana yawan kashewa da tayarwa?

Nan ne ake buƙatar lura. Kik, wato na'urar da ke tayar da inji, yana zuƙar wuta mai yawa, sama da amfiya 100, a duk murɗa makulli, kuma altaneta, mai cajin batir, ba ta mayar da caji sosai in inji na silo. Shi ya sa muke ba da ma'auni na minti ɗaya maimakon daƙiƙa 10: tsayuwar da za ta wuce minti guda, a kashe, domin man da aka tsira da shi ya fi ɗan zaizayewar kik daraja.

Amma sai batir na da lafiya. A sa mita a kansa da safe kafin a tayar: volt 12.6 cikakke ne, 12.4 ba laifi, in ya sauka kusa da 12.0 ya yi rauni. Inji na aiki kuma a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Zafin ƙasarmu yana tsufar da batir da wuri. Idan ka murɗa makulli ka ji kik na jan ƙafa, ko fitilun dashbod sun dushe, ko ka ji ƙas-ƙas kawai, tafi wajen mai gyaran wayar mota ya duba kan batir da ya yi farin gari, kafin ka soma wannan ɗabi'a.

Motocin da ke mutuwa da kansu a danja fa?

An ƙera su don haka, da kik mai ƙarfi da batir na musamman, AGM ko EFB. In batirin ya mutu kada a sa musu na gama-gari, ba zai daɗe ba.

A gosulo ma a kashe?

Idan layin na motsi kaɗan-kaɗan, kar a kashe. Da inji ya mutu, birki zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi nauyi. Motar da ta ƙi tashi a tsakiyar mahaɗa kuwa haɗari ce. Amma in hanya ta toshe har mutane sun fito suna leƙe, ja birkin hannu ka kashe. A bakin famfon gidan mai babu shawara, kashewa dole ne.

Akwai lokacin da silo ke da amfani?

Akwai, ga inji mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti, baƙin mai ne ke sanyaya ta. Idan an sha doguwar tafiya da gudu ko an hau tudu da kaya, aka kashe nan take, man ya daina zagayawa, wanda ya rage a ciki ya ƙone ya daskare kamar kwalta, a hankali ya cinye boris. A ba ta minti ɗaya zuwa biyu.

Ɗumama mota da safe kuwa, ko a sanyin hunturu daƙiƙa 30 sun isa baƙin mai ya hau kan inji. Sai a ja a hankali, ba tare da matsa totur ba, domin a tafiya inji ya fi saurin ɗaukar zafi. Dogon silo da injin sanyi yana sa fulogi yin baƙin toka, fetur ya riƙa tsiyaya yana tsinka baƙin mai. Lamarin ya fi muni a motar da aka cire wa tamostat, mai daidaita zafin inji, abin da ya zama ruwan dare a garejinmu.

Babur fa?

Yawancin baburanmu iskar tafiya ce ke sanyaya injinsu, ba su da lagireto. Tsayuwa a silo cikin rana zafi kawai take tara musu. Ɗan acaɓa mai jiran fasinja ya kashe, taka kik sau ɗaya ya isa.

Zama cikin mota da AC ana jira, akwai illa?

A fili, na ɗan lokaci, asarar mai ce kawai, sai a sa ido kan allurar zafi ko fanka ta gaza. A rufaffen gareji ko zaure kuwa ganganci ne da rai. Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, irin ta janareto. Tana farawa da ciwon kai da jiri, sai barci ya kwashe mutum. Idan salansa ta huje, gubar kan shigo ta ƙarƙashin mota ko da a waje ake. Kada a bar yaro ko mai barci cikin mota a kunne, gilasai a rufe.