Amsoshi kan ƙananan halittu masu ƙiriniya a wasan kwaikwayo na tebur

Tambayoyin nan na sha amsa su har na gaji, shi ya sa na tara su wuri guda. Wasan kwaikwayo na tebur shi ne wanda jagora yake ba da labari, sauran 'yan wasa kuma kowa ya ɗauki matsayin jarumi a cikinsa. Duk wanda zai jagoranci wasa ga 'yan wasan da jarumansu suke mataki na ɗaya ko na biyu, wato farkon farawa, ya karanta kafin ya sake tambayata.

Waɗanne halittu ake nufi?

Ƙananan halittun tatsuniya waɗanda aka san su da ƙiriniya: goblin, da kobold na Jamus, da pixie na kudu maso yammacin Ingila, da brownie na Sukotlan, da kappa na Japan.

Suna da ƙarfi?

Ba su da shi. A bugu na biyar na wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, makin ran goblin (wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi) 7 ne, na kobold 5, na pixie kuwa 1. Sara guda mai kyau ya ishi kowannensu.

To me ya sa 'yan wasana suke gundura da su?

Domin kun jera su a fili suna jiran takobi, kuma laifin naku ne. Littafin halittun wasan ya nuna muku cewa kobold yana samun galaba idan ɗan'uwansa yana kusa da abokin gaba, kuma hasken rana yana raunana shi. Wannan ya isa ya faɗa muku inda za ku ajiye shi: cikin rami mai duhu, bayan tarko, tare da jama'arsa. Halittar da tatsuniya ta san ta da ɓoye kaya da ɓatar da matafiyi ba ta tsayawa a yi dambe da ita.

Dole ne sai an kashe su?

Ko kaɗan. Kusan kowace tana da ƙa'idar da take ɗaure ta. Kappa yana da ruwa a kwarmin kansa, idan aka rusuna masa ya rusuna, ruwan ya zube, ƙarfinsa ya tafi. Brownie kan bar gida idan aka ba shi tufafi. Wanda pixie ya ɓatar kuwa yakan juya rigarsa ciki waje ya gane hanya. Ku sa wata tsohuwa a labarin ta ambaci ƙa'idar, ku bar 'yan wasa su gwada.

Zan iya sa su sace kayan ɗan wasa?

Nan ne ba ni da amsa guda ɗaya. A ganina za ku iya, domin sata ita ce halinsu, amma ya danganta da abin da aka sace da kuma wanda aka sace wa. Idan igiya ce ko fitila ko jakar kuɗi, babu damuwa, yawanci ma dariya ake yi a bi sawu. Idan kuwa littafin sihirin matsafi ne, ko makamin da mayaƙi ya dogara da shi, kun mayar da mutum ɗan kallo a wasan da ya zo bugawa, kuma na ga zaman wasa ya lalace a kan haka. Abin da nake yi shi ne in bar ɗan wasan ya jefa ƙwayar wasan mai fuska 20, wadda lambar da ta fito take yanke sa'a, ko zai lura da ɓarawon, in bar sawu a fili, in kuma tabbatar da cewa ana iya dawo da kayan a zaman nan, ko ta hanyar ciniki ko ta dabara. Duk da haka akwai mutanen da ko cokali aka ɗauke musu ransu ɓaci yake yi, akwai kuma waɗanda farautar ɓarawon ce ta fi musu komai daɗi, saboda haka sai kun san mutanenku. Idan kuna shakka, ku tambaye su kafin a fara, kuma kada ku maimaita dabarar a zama biyu a jere.

Pixie huɗu sun yi wa sababbin 'yan wasa yawa?

Sun yi. Kada makin ran nan guda ya ruɗe ku, domin pixie yana ɓacewa daga gani, yana sa barci, yana kuma iya mayar da mutum dabba. Guda ɗaya ya wadatar.

'Yan wasana sun ƙulla abota da goblin ɗin maimakon su yaƙe shi. Na yi kuskure ne?

Ku kwantar da hankalinku, ba ku yi kuskure ba. Ku ba shi suna, ku bar shi ya bi su, ya ci gaba da ƙiriniyarsa a cikin tafiyar.