Salansar canji ta tsohuwar akori-kura mai injin dizal

Salansar canji ita ce wadda ake saya daga wani kamfani daban a saka wa mota a madadin wadda ta fito da ita daga masana'anta. A tsohuwar akori-kura mai injin dizal, abubuwa biyu ne suka fi sa a yi wannan canji: ko tsatsa ta cinye ta asalin, ko kuma mai motar yana son hayaƙi ya samu hanya mai faɗi domin rage zafin injin idan ana jan kaya masu nauyi.

Tarihi

Kasuwar wannan kaya ta fi bunƙasa ne a Amurka, inda manyan kamfanoni uku suka fara sa injin dizal a akori-kurarsu. General Motors ya fito da inji mai lita 6.2 a 1982, Ford ya biyo baya a 1983 da mai lita 6.9 ƙirar kamfanin International, sannan Dodge ya ɗauko injin Cummins mai lita 5.9 da turbo a 1989. Zuwan turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji, shi ne ya sauya lissafi, domin hayaƙin da ke fita shi ke juya fankarsa, kuma duk abin da ya takura hayaƙin a bayanta yana rage mata ƙarfi. A 1994 Ford ya kawo injin Power Stroke mai lita 7.3, a 2001 kuma General Motors ya kawo Duramax mai lita 6.6 tare da haɗin gwiwar Isuzu. Wajen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ne sauya salansa ya zama ruwan dare a tsakanin masu irin waɗannan motoci.

Makanikai sukan ba da misali da Ford na 1994 zuwa 1997. Bututun da ke saukowa daga turbo a wannan mota an matse shi har ya zama shafaffe domin ya ratsa tsakanin inji da jikin mota, saboda haka shi ne abin farko da ake cirewa a saka mai zagaye. Wannan ɗan guntun ƙarfe yakan yi tasirin da ya fi na sauran bututun baki ɗaya, kuma darasi ne da ya shafi kusan kowace tsohuwar mota mai turbo: matsalar tana kusa da inji, ba a wutsiya take ba.

Abin da ake dubawa

Akwai salansar da ke farawa tun daga turbo har ƙarshe, akwai kuma wadda ke farawa daga bayan na'urar tace hayaƙi (catalytic converter, mai rage gubar da ke cikin hayaƙi). Ta farko ta fi rage zafi, ta biyu kuwa yawanci sauti da kyan gani take sauyawa. A manyan injuna, bututu mai faɗin inci 4 ya wadatar ga motar da ba a ƙara wa ƙarfi sosai ba. Mai inci 5 yakan kawo gurnani mai damun kunne a cikin mota a doguwar tafiya, ba tare da wata riba ta a-zo-a-gani ba. Ƙananan motoci irin su Hilux sukan tsaya a inci biyu da rabi zuwa uku. Lanƙwasar bututu ma abin lura ce, domin wanda aka lanƙwasa da sanda a cikinsa yana riƙe faɗinsa a kwana, wanda aka matse kawai kuwa yakan tsuke.

Ƙarfe iri uku ne a kasuwa. Mai rufin alminiyam shi ne mafi araha, amma ba ya jimre wa danshi da gishiri. Sauran biyun ƙarfe ne mai jimre wa tsatsa (stainless): lamba 409 yana yin ja a sama ba tare da ya huje da wuri ba. Lamba 304, mai kusan kashi 18 cikin ɗari na kiromiyam da kashi 8 na nikel, shi ne mafi ƙarko kuma mafi tsada. Wanda ke jan tirela ya kamata ya haɗa da agogon auna zafin hayaƙi, kasancewar masu sana'ar sukan yi gargaɗi kada zafin ya daɗe sama da kimanin digiri 675 a ma'aunin Salsiyas kafin turbo. Barin tukunyar rage ƙara a wurinta ya fi alheri ga direba da maƙwabta.

Ana saɓani kan yawan ƙarfi da sauƙin shan mai da canjin ke kawowa. A injin da ba a taɓa ba, ƙarin kaɗan ne.

Doka

Dokar tsabtar iska ta Amurka ta haramta cire na'urar rage gurɓatar hayaƙi daga motar da ke hawa titi. Daga 2007 akori-kurar dizal a ƙasar suka fara zuwa da matatar toka mai kama baƙar ƙurar hayaƙi, a Birtaniya kuma tun 2014 motar da aka cire wa matatar ba ta cin gwajin shekara-shekara. Yawancin motocin da suka girmi wannan zamani ba su da matatar, amma wasunsu suna da na'urar tace hayaƙi, kuma wajibi ne sabuwar salansa ta bar ta a inda take.